Wurin da Taswira Ta Bari Fari

Kaupo, Maui
Janairu

Zuwa ga Lehiwa, jikar Malia 'yar baffana,

Ina gaishe ki gaisuwar tsohon da ya daɗe bai ji motsin danginsa ba. Ina fata sanyin Albuquerque bai cinye ki ba. Ni dai ina nan, rabi a tsaye rabi a kwance. Ƙafar hagu ta daina jin maganata, kunnuwa kuma sun ajiye aiki, shi ya sa wayar da kika aiko mini take cikin gwangwanin allurar marigayiya matata Keahi. Ko da ina ji, a Kaupo sai mutum ya hau rufin ɗaki kafin ta kama. Tun rasuwar Keahi ba mai shigowa gidan nan sai Fredo Gouveia, wanda muka yi kiwon shanu tare. Ran Asabar yakan kawo mini poi, kirɓaɓɓen gwazan nan namu, da busasshen kifi, ya zage ni, ya tafi.

Katinki na Kirsimeti ya iso. A hoton kin yi kama da mahaifiyarki Noelani, har sai da na kife shi a kan tebur. Amma layin ƙarshe ne ya sa na ɗauki biro. Kin ce kin sami aiki a kamfanin da yake yi wa sojoji aikin madubin hangen nesa, irin wanda suke gadin taurarinsu na ƙarfe da shi. Na ba Fredo ya karanta ko idona ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Elia, kun yi babbar mutum a gidanku. Ita za ta ƙara wa dutsenku ƙuraje.” Fararen ƙubbobin madubai da ke kan dutsen Haleakala yake nufi, kuma kowa ya ji ana so a ƙara wasu.

Kina ƙarama lokacin da mahaifiyarki ta kwanta a kan titin hawa dutsen don ta tare motocin da ke ɗauke da kayan gini. Maza huɗu suka cicciɓe ta, tana waƙa. Ba ta hana komai ba, amma ta kwanta.

Ki gaya mini da hannunki: gaskiya ne?

Kawun mahaifiyarki,
Elia Keaupuni

Albuquerque
Fabrairu

Anakala Elia, kawuna,

Na yi murna da ganin rubutunka, ko da yake rabinsa duka ne. Ina lafiya, sai kewar teku. Nan ko kududdufi aka gani sai a ɗauki hoto. Ka riƙa shafa wa ƙafar nan magani, ka kuma gaya wa Fredo na ji saƙonsa, ƙurajen da ke bayan wuyansa ya fara magancewa.

Gaskiya ne, amma ba yadda ka ɗauka ba. Saboda Mama na karɓi aikin. Sojoji suna son sababbin madubai a ƙolin Haleakala, doka kuma ta tilasta musu su duba wasu wurare kafin su yanke. Kamfaninmu aka ba aikin nemo wuraren. Ni kaɗai ce 'yar tsibiri a ofishin. In ban zauna a teburin ba, za su rubuta wurare biyu na banza don cika ƙa'ida, su ce ba su dace ba, su koma ƙoli.

Madubin yana son tudu sama da gajimare, iska busasshiya, da duhu. Na sa hamadar nan ta New Mexico a jerin wuraren, amma sun ce daga nan ba a ganin sashen samaniyar da suke son gadi. Tsoffin gonakin rake sun yi ƙasa da yawa, gajimare yana rufe su. Sai na tuna Puu Kao, tudun awakin nan da ke saman filin kiwonku. Yana da tsayi, ya yi nesa da ƙoli. Na bincika taswirori da littattafan tarihi, na duba rajistar wuraren ibada da kaburbura. Wurin fari ne fes, ba a rubuta komai a kansa ba.

Amma takarda ba ta san abin da ka sani ba. Ka yi rayuwarka a kan doki a gangaren nan. Anakala, akwai wani abu a Puu Kao? In babu, ina ganin za mu iya sauke su daga ƙolin. Abin da Mama ta kasa yi da jikinta ke nan.

'Yarka,
Lehiwa

Kaupo
Maris

Lehiwa,

Saƙonki ya same ni da ɗan sauƙi. An yi ruwa, dankalin bayan gida ya yi yabanya, ko da yake aladun daji sun riga ni ɗanɗanawa. Fredo ya ce a gaya miki wuyansa ya fi fuskar shugaban ofishinku kyau.

Na ji bayaninki. Na janye rabin dukan.

Game da tambayarki: babu komai a Puu Kao. Awaki ne da iska da baƙin dutse. Ba wurin zuwa ba ne. Iskar can tana kayar da doki, hanya babu, ruwa babu. Mutanenmu ba sa zuwa, kuma ba na so kowa ya je. Ki bar shi yadda yake a taswirarki. Ki ƙara matsa musu a kan hamada, su da suka iya aika ƙarfe sama ba za su kasa gyara wuyan madubi ba.

Kin ji abin da na ce. 'Yar Noelani ce ke, na san kin ji.

Elia

Kaupo
Yuli

Lehiwa,

Ban san ko kina lafiya ba, tunda tun Maris ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Ni ba ni da lafiya. Na faɗi a bakin tankin ruwa, na kwana biyu ina jan jiki. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Watan jiya jirgi mai saukar ungulu ya fara shawagi a saman gangarenmu. Na ɗauka masu harbin awaki ne. Ran Asabar Fredo ya shigo yana murna, ya ce, “Tsohon banza, tashi ka yi rawa, jikarka ta ceci dutse! An ce madubai za su koma Puu Kao.” Na ce ya kai ni. Ya ce, “Da wace ƙafar?” Na ce da motarsa mai tarin fuka. Ya ɗora ni kamar buhun dusa, muka bi tsohuwar hanyar shanu har ƙofar shinge ta ƙarshe.

Daga nan na gani. Turaku masu jan ƙyalle, a jere, sun haura tudun ta gefen gabas. Wani saurayi mai hular rana ya zo ya gaishe mu da ladabi. Ya ce titin zai bi turakun, za a fasa gefen tudun da nakiya a daidaita shi. Da ya ji sunana sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, “Ashe kai ne dattijon! Sunanka yana cikin rahoton. Kai ka tabbatar mana babu komai.”

Fredo ya ce launin fuskata ya koma na toka. A hanyar dawowa ya yi ta tambaya, “Me ya same ka? Ba abin da kuke so ke nan ba? Ku mutanen nan, a ba ku ku yi kuka, a hana ku ku yi kuka.” Na juya ina kallon turakun har suka ɓace. Kakanninsa da jirgin ruwa suka zo yankan rake, mutumin kirki ne, amma wannan magana ba tasa ba ce.

Ke fa? Na ce miki ba na so kowa ya je. Na ce ki bar shi. Sai kika ɗauki maganata kika miƙa wa sojoji, da sunana a ƙasa. Da Noelani na rubuta wa wannan wasiƙar, da ta ninke ta, ta goge sunan tudun daga takardunta, ba ta sake tambaya ba. An kai ki makaranta har kin iya auna nisan tauraro, amma maganar gidanku sai an tauna miki.

Ki cire Puu Kao. Kada ki tambaye ni dalili.

Elia

Albuquerque
Agusta

Anakala,

Faɗuwarka ta tayar mini da hankali. Don Allah ka bar Fredo ya kai ka asibitin Kula. Shirun da na yi kuwa aiki ne, ina ta faɗa da mutanen da suka fi ni girma don su yarda da tudun. Na so in rubuto maka sai da albishir a hannu.

Wasiƙarka ta ƙona ni. Na fito da ta Maris na shimfiɗa su gefe da gefe. Ka rubuta “babu komai.” Da me zan gane akasin haka? Ina shekara tara muka bar tsibirin Maui. Mama ta yi aikin otal biyu a Las Vegas har ta mutu, ba ta da lokacin koya mini abin da ake nufi da shiru. Kai ma ba ka taɓa koya mini ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar tsibirin Molokai a cocinmu, Anake Pilialoha, wato Inna Pilialoha. Ban faɗi sunan wuri ba, na dai ce mata wani dattijo ya ce babu komai a wani tudu, kuma kada kowa ya je. Ta ajiye cokalinta ta ce, “Yarinya, wa ya taɓa hana mutane zuwa inda babu komai? Akwai masu barci a wurin.” Na fita waje na yi kuka a cikin mota.

Ga halin da ake ciki. Ba zan iya cire tudun da bakina ba, ya riga ya hau saman jerin. Abu ɗaya ne zai cire shi: a rubuta cewa akwai kaburbura. Ofishin da ke kula da irin wannan zai duba, in ya tabbatar, doka ta kare wurin, ba mai fasa shi. Za a rufe karɓar gyara a ƙarshen watan nan. Ba sai ka faɗi daidai inda suke ba. Ka ce mini “rubuta” kawai. In ba haka ba, nakiya ce.

Ka amsa da wuri, Anakala.

Lehiwa

Kaupo
Agusta

Lehiwa,

Na sami wasiƙarki. Jiki da dama-dama. Asibiti ba zan je ba, wanda ya shiga can a shekaruna da ƙafa gaba yake fitowa, a kan makara.

Kada ki rubuta.

Tunda ba a koya miki ba, bari in gaya miki abin da ya halatta a faɗa. A zamanin kakanni, in aka so a wulaƙanta mutum bayan mutuwarsa, ƙashinsa ake nema, a sassaƙa ƙugiyar kamun kifi da shi. Ƙarfin mutum a ƙashinsa yake. Shi ya sa ake naɗe ƙasusuwan a ɓoye, mutum ɗaya tak a kowane zamani ya san wurin. Ba a faɗa da baki, ba a zana a ƙasa. Mai riƙon sirrin yakan ɗauki wanda ya zaɓa, ya yi gaba, shi kuma ya bi shi da ƙafa. In sun sauko, ba sa sake maganar har abada. Duk wanda ya tambaya, ko matarka ce, amsar ɗaya ce: babu komai. Keahi ta mutu ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don ta san abin da ake nufi.

Masu ƙugiya ba su ƙare ba, sun canza kaya ne. Ina yaro na ga Bature yana sayen ƙoƙon kai a hannun wani mashayi. Yanzu kuma masu yawon dutse ne da na'urar hoto. Doka da kike faɗa tana kare abin da ta gani ne, kuma kafin ta gani sai an buɗe.

Nakiyar ba gobe ba ce. Irin wannan aiki yakan ci shekaru, ana ƙara, ana zanga-zanga. Ki nemi hutu ki zo gida. Fredo yana da alfadari mai haƙuri, za ki ɗaura ni a kansa in ya kama. In akwai abin ɗaukewa, mu biyu za mu ɗauke, mu kai inda turaku ba su kai ba, ba wanda zai sani. Bayan nan su fasa tudunsu. Noelani na yi niyyar ɗauka, ta tafi ba ta dawo ba. Ke kika rage.

Na faɗi fiye da abin da ya kamata. Ki ƙona wannan takardar.

Ruwa ya cinye gada a hanyar Kipahulu, motar wasiƙu ba ta zuwa. Zan ba duk wanda ya fara fita.

Elia

Albuquerque
Satumba

Anakala,

Ina fata kana raye, don har wannan tunanin na yi. Na jira amsarka har ranar ƙarshe. Na buga wayarka, na buga ta Fredo, ba wadda ta shiga. Kowace safiya ina buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai tallan kanti.

Ana saura kaɗan a rufe, shugabana ya leƙo ya ce, “Akwai gyara?” Na tuna turakun da ka ce sun bi ta gabas. Na rubuta layi ɗaya: dangi suna da dalilin zaton akwai kaburbura a gefen gabashin Puu Kao. Ban sa sunanka ba.

Wasiƙarka ta iso bayan mako guda, da tabon ruwa a jikinta. Na karanta ta a tsaye. Na roƙi a janye layin, suka ce abin da ya shiga ya shiga, kuma dole a bincika.

Da ka gaya mini tun Maris ka zo gida kawai, da na zo. Na ɗauka shirunka izini ne, tunda ka nuna mini ku da shiru kuke magana. Na ƙona takardar kamar yadda ka ce.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Lehiwa

Kaupo
Afrilu

Lehiwa,

Wasiƙunki na Oktoba da Disamba da Fabrairu suna nan, na karanta su. Ina raye. Yanzu da sanda biyu nake tafiya, kuma poi ma sai Fredo ya tsinka mini da ruwa.

Kin ce labarin da kike samu na rahoto ne. Ga wanda ba ya cikin rahoto.

Ba ki sa sunana ba, amma yana shafi na baya, inda na ce babu komai. Saboda haka wurina suka fara zuwa, mace biyu da namiji, ɗaya ma 'yar tsibiri ce, ta kawo mini burodi. Ta durƙusa gaban kujerata ta ce, “Anakala, taimaka mana mu kare su.” Na ce ban san abin da take faɗa ba. Ta ce, “Na gane,” idonta ya cika da hawaye. Ita ta gane. Amma aikinta ne, ta tashi ta hau dutse.

Kin ba su gabas, gabas kuwa ba ta da faɗi. Sun sami bakin kogon da kakanninmu suke kwance a ciki kafin Kirsimeti. Ba su taɓa komai ba, wannan na shaide su. Sun auna, sun ɗauki hoto, sun kewaye wurin da waya, sun kafa allo mai cewa an hana shiga. Tudun da ba mai kallonsa tun kafin a haifi kakana, sai ga shi da shinge da allo a tsakiyar baƙin dutse, ana hango shi daga nesa kamar tuta.

Bayan sabuwar shekara aka yanke wayar. Ba a san ko su wane ne ba. An ga gwangwanayen giya da sawun takalma. Sun kwance naɗin, sun watsa, sun tafi da abin da suka ga dama. Mutanen ofishin suka tattara ragowar don kada a ƙarasa, suka kai garin Wailuku.

An cire Puu Kao daga jerin, kin sani. A rediyo Fredo ya ji ana yabon wata 'yar ƙasa da ta tsaya wa kakanninta. Madubai kuma an ce har yanzu ba a yanke ba, amma ƙoli ya koma saman takarda.

Makon jiya aka kira ni a matsayin magaji. Fredo ya sa rigarsa ta coci ya kai ni, duk hanya bai zage ni ko sau ɗaya ba, abin da ya fi komai ba ni tsoro. Suka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi. Akwatunan kwali ne irin na takardun ofis, kowanne da lamba. Matar nan ta tambaye ni ko zan iya faɗin wane ne wane. Lehiwa, da wurin kwanciyarsu na san su. Na san wadda ke kusa da baki, kakata ce, ita aka kai ƙarshe. Na san na can ciki, wanda ake sunkuyawa kafin a wuce shi. A kwali ban san kowa ba. Na ɗaga ɗaya, bai kai nauyin kaza ba.

Za su ba ni su, da sharaɗin in faɗi inda za a binne, a rubuta. Wato ɓoyo ya ƙare. Na je wurin fasto. Maƙabartar cocinmu ta cika, dutse ne ko'ina, gurbi ɗaya ya rage, na kusa da Keahi, wanda aka ajiye mini. Na ce a sa su a nan, a zuba siminti mai kauri. Ran Asabar ta biyu a watan Yuni za a yi.

Kin tambaya ko na yafe. Ban sani ba, kuma ba ni da ƙarfin bincikawa. Amma ki zo. Ba a barin baƙo ya ɗauki ƙashin dangi, ni kuwa hannuwana biyu suna kan sanda. Ke za ki ɗauke su daga mota zuwa rami.

In an gama, akwai aikin da zan ba ki, tunda sana'arki ce nemo wa mutane wani wuri in nasu bai samu ba. Ni yanzu ba ni da inda za a sa ni. Sai ki nemo.

Elia Keaupuni